Katalogin Ɗakin Karatu da Malamin Gobe: Darasi Daga Muhawarar Kwararowar Hamada

A cikin darussan gama-gari da ake koyarwa a kwalejojin ilimi akwai wanda ya shafi amfani da ɗakin karatu. Galibin ɗalibai sukan ɗauke shi tamkar wani shinge da za a tsallake a shekarar farko, a ci jarrabawarsa, a manta da shi. Ba sa sake waiwayar katalogi sai a shekarar ƙarshe, lokacin da rubuta kundin kammala karatu ya matso, kuma ko a wannan lokaci ma da yawansu sukan wadatu da kwafar manazartar wani tsohon kundi da suka tarar a sashe. Ɗalibin Hausa yana cikin waɗanda suka fi faɗawa cikin wannan sakaci, domin yana ganin kamar binciken katalogi da rumbunan bayanai sana'a ce ta masu karatun kimiyya, shi kuwa tunda da harshensa yake aiki, abin da yake bukata yana bakin dattawa da cikin littattafai biyar ko shida da malaminsa ya lissafa masa.

Wannan kuskure ne mai tsada, kuma ba ɗalibin ne kaɗai yake biyan kuɗinsa ba. Malamin Hausa a firamare da ƙaramar sakandare shi ne yake zaɓen nassin auna fahimta, shi ne yake ba da jigon insha'i, shi ne kuma yake shirya muhawara tsakanin azuzuwa. Jigogin da akan zaɓa kuwa ba sa wuce fari da yunwa da sare itatuwa da tarihin garuruwa da sarakuna. Duk abin da ya faɗa a kan waɗannan batutuwa, yara sittin ko saba'in za su karɓe shi a matsayin gaskiyar da ba ta da ja, su tafi da shi gida. Idan abin da ya faɗa jita-jita ce da ta sami shiga takarda, to ya shuka ta ke nan a inda tumɓuke ta zai yi wuya.

Abin da katalogi yake yi

Katalogi shi ne jerin abin da ɗakin karatu ya mallaka, an tsara shi ta yadda za a iya gano littafi ta sunan marubuci, ko ta sunan littafin, ko ta maudu'insa. A da, kati-kati ne a cikin aljihunan katako. Yanzu a manyan ɗakunan karatu an mayar da shi cikin kwamfuta. Kowane littafi yana da lamba wadda take nuna kantar da yake. A tsarin Dewey, wanda aka fara amfani da shi a 1876, tarihin Afirka yana ƙarƙashin 960, na Nijeriya 966.9, harshen Hausa kuwa 493.72. A tsarin Ɗakin Karatun Majalisar Dokokin Amurka, wanda jami'o'i da kwalejoji da dama suke bi, tarihin Afirka yana ƙarƙashin DT, na Nijeriya DT515, na Nijar DT547, harshe da adabin Hausa kuwa daga PL8231 zuwa PL8234. Amfanin sanin waɗannan lambobi a bayyane yake. Ɗalibin da ya gano littafi ɗaya mai amfani, idan ya duba hagunsa da damansa a kan kanta, zai tarar da 'yan'uwansa waɗanda bai san da zamansu ba.

Rumbun bayanai kuwa ya zarce nan, domin shi yana shiga cikin mujallu ya jero maƙalun da ke cikinsu ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa har da cikakken matanin maƙalar. Amma babbar fa'idar waɗannan kayan aiki biyu ba ita ce samar da littafi kawai ba. Kowace shigarwa tana ɗauke da shekara. Idan aka jera sakamakon bincike bisa shekaru, sai a ga wanda ya fara faɗin magana, da wanda ya mayar masa da martani, da wanda ya zo daga baya da sabuwar hujja. Wato katalogi yana nuna wa mai bincike cewa abin da ya ɗauka tabbatacce ne, muhawara ce mai tarihi. Babu misalin da ya fi fito da wannan a fili ga mutumin ƙasar Hausa kamar batun kwararowar hamada.

Hamadar da take tahowa tun 1935

Kusan kowane ɗalibi ya taɓa ji ko karanta cewa hamadar Sahara tana gurgusowa kudu da wani adadi a kowace shekara. Adadin da aka fi ambata a jaridu da jawaban hukumomin Nijeriya shi ne kilomita 0.6. Ana rubuta shi a insha'i, ana maimaita shi a ranar dashen itatuwa, amma ba kasafai ake tambayar wanda ya auna, da inda ya auna, da shekarar da ya auna ba. Ɗalibin da ya zauna gaban rumbun bayanai ya nemi asalin wannan tunani zai tarar cewa maganar ta girmi kakansa.

A 1934 wani farfesan ilimin gandun daji na Jami'ar Edinbura mai suna E. P. Stebbing, wanda ya daɗe yana aikin daji a Indiya, ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. A 1935 ya buga maƙala a mujallar Geographical Journal ta Landan, inda ya yi gargaɗin cewa Sahara tana cinye ƙasar noma, kuma ya ɗora laifin a kan sassabe da ƙona daji da kiwo. Ya ba da shawarar a kafa wani dogon shingen itatuwa don tare ta. Maganar ta tayar da hankalin hukumomin mulkin mallaka, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na masana daji, wanda ya zagaya yankin iyakar Nijeriya da Nijar tsakanin 1936 da 1937. Kwamitin bai sami hujjar cewa hamada tana tafiya gaba ɗaya tana binne ƙasa ba. Abin da ya samu shi ne lalacewar ƙasa a wasu wurare na musamman, sakamakon ayyukan mutane. A 1938 Brynmor Jones, masanin ilimin duwatsu da ƙasa, ya yi wa Stebbing raddi a wannan mujalla, sannan a 1940 L. Dudley Stamp ya biyo baya da nasa. Daga cikin abubuwan da aka yi wa Stebbing tsokaci a kai har da cewa da rani ya ga ƙasar. Duk manomin da ya san yadda dajin Katsina ko na Damagaram yake a watan Maris, da yadda yake komawa a watan Agusta, zai fahimci nauyin wannan tsokaci ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

Dukkan waɗannan maƙalu suna cikin rumbun JSTOR, wanda yake ɗauke da tsofaffin fitowar mujallun da suka buga su. Bincike ɗaya zai jero su a gaban ɗalibi, da'awa da raddinta, cikin 'yan mintoci.

Maganar ta lafa a shekarun 1950, waɗanda shekaru ne na wadatar ruwan sama a yankin Sahel, ko da yake a 1949 André Aubréville, Bafaranshe wanda yana cikin wancan kwamiti, ya yaɗa kalmar da ake fassarawa yau da kwararowar hamada a cikin littafinsa kan yanayi da dazuzzukan Afirka. Sai farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai ƙololuwa a 1972 da 1973 ya sake farfaɗo da ita. A 1975 Hugh Lamprey ya yi wani nazari a ƙasar Sudan, ya kwatanta abin da ya hango daga jirgin sama da wata taswirar tsirrai ta 1958, ya yanke cewa hamada ta matso da kimanin kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, wato kusan kilomita 5.5 a shekara. Wannan adadi ya zagaya duniya, musamman bayan taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada da aka yi a Nairobi a 1977. Matsalarsa ita ce an kwatanta shekarun damina mai albarka da ƙarshen mummunan fari. Daga baya Ulf Helldén na Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin ya binciki wannan yanki da hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, bai ga irin wannan tafiya ba. A 1991 kuma Compton Tucker da abokan aikinsa suka buga sakamakon nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 1980 zuwa 1990 a mujallar Science, suka nuna cewa bakin hamada na kudu ya matso sosai har zuwa 1984, shekarar da fari ya yi tsanani, sannan ya koma arewa da kimanin kilomita 110 a 1985 da ruwa ya samu. Ashe bakin hamada gaba yake yi ya yi baya, yana bin damina.

A nan ƙasar Hausa ma an yi irin wannan aiki. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana bibiyar yadda manoman karkarar Kano da na arewa maso gabas suke jure wa fari, ya fitar da littafinsa Adapting to Drought a 1989. Ya nuna cewa kewayen Kano, duk da yawan jama'arsa, manoma suna riƙe da gonakinsu da taki da dabbobi da itatuwan da suke bari a gona. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar kuwa, tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka rungumi dabarar barin kututturan itatuwa su sake tofo a gona maimakon a sassabe su, kuma binciken da Chris Reij da abokansa suka yi ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5 ta wannan hanya. Gawo yana cikin itatuwan da suka fi yawa a wurin. Yankin da Stebbing ya yi wa hasashen binnewa ke nan.

Bai kamata a fahimci wannan a matsayin musanta lalacewar muhalli ba. Tudun rairayin da ke barazana ga dausayoyin Yusufari a jihar Yobe gaskiya ne, ƙarancin itacen girki a kewayen manyan birane gaskiya ne, gajiyar gonaki da zaizayar ƙasa ma haka. Abin da muhawarar take koyarwa shi ne, lalacewar tana faruwa ne wuri-wuri, da dalilai mabambanta, kuma ana iya gyara ta. Bambancin da ke tsakanin wannan fahimta da ta hamada mai tafiya kamar rundunar yaƙi yana da girma a cikin aji. Malamin da ya koyar da cewa yashi yana tahowa babu makawa, ya koya wa ɗan manomi cewa ubansa shi ne mai laifi kuma gonarsu ba ta da gobe. Wanda ya san labarin Maraɗi kuwa zai iya aika yaran su ƙirga gawo da kuka da aduwa da ke gonakin garinsu, su tambayi dattawa ko sun ƙaru ko sun ragu, su rubuta insha'i a kan abin da suka gano.

Labarin Tafkin Cadi ma haka yake, sai dai a taƙaice. Ana yawan cewa ya ƙafe da kashi 90 cikin 100, ana kwatanta faɗinsa na kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 da abin da ya rage bayan farin shekarun 1970 da 1980. Raguwar ta faru. Amma wanda ya duba katalogi zai tarar da rahoton Jean Tilho, jami'in Faransa da ya auna tafkin a farkon ƙarni na 20 ya iske ɓangarensa na arewa a bushe, zai kuma tarar da wani nazari na 2020 da ya nuna cewa a cikin shekaru ashirin da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da raguwa ba.

Katalogi ba ya jin Hausa

Akwai wata gaskiya da ya kamata a faɗa wa ɗalibi tun da wuri, don kada ya yanke ƙauna a gwajin farko. Manyan katalogi da rumbunan bayanai ba a gina su da Hausa ba. Wanda ya rubuta kalmar "fari" ko "yunwa" a cikinsu ba zai sami abin kirki ba. Dole ne ya san cewa maudu'in yana ƙarƙashin kalmomin Ingilishi irin su "drought" da "famine", sannan ya haɗa su da sunan wuri. Idan abin da yake nema ya shafi Nijar ko Cadi, to mafi yawan abin da aka rubuta da Faransanci yake, kuma a can "Haoussa" ake rubutawa, Damagaram kuwa "Zinder". Jamusawa sun rubuta "Haussa". Littafin Boureima Alpha Gado kan tarihin yunwa a Sahel, wanda ya fito a 1993, ba zai taɓa bayyana ga mai neman Ingilishi kaɗai ba, alhali mutanen da yake magana a kansu 'yan'uwa ne na jini ga na Daura da Illela. Iyakar da Turawa suka shata ta raba littattafai kamar yadda ta raba garuruwa, kuma mai bincike ne kaɗai zai iya sake haɗa su.

Sunayen mutane su ma suna da nasu tarkon. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana bayyana a matsayin Usuman dan Fodio a wani katalogi, Uthman ibn Fudi a wani, Ousmane dan Fodio a na Faransawa. Sakkwato ta zama Sackatoo a rubutun Clapperton. Hatta itatuwa ba su tsira ba: gawon da aka ambata a sama, tsofaffin littattafai suna kiransa Acacia albida, sababbi kuma Faidherbia albida, don haka wanda ya nemi suna ɗaya ya rasa rabin abin da aka rubuta. A nan ne littafin J. M. Dalziel na 1916 kan sunayen tsirrai da Hausa yake zama gada tsakanin abin da ɗalibi ya sani daga gida da abin da katalogi yake ganewa.

A daidai wannan gaɓa ce ɗalibin Hausa yake da fifikon da bai san yana da shi ba. Hausawa suna raɗa wa kowace yunwa suna. Ta 1913 zuwa 1914 ana kiranta Kakalaba a wurare da dama, ta 1942 kuma 'Yar Gusau, kuma Michael Watts ya yi amfani da irin waɗannan sunaye a littafinsa Silent Violence na 1983, wanda ya gina a kan binciken da ya yi a ƙasar Katsina. Sunayen sukan bambanta daga gari zuwa gari. Ɗalibin da ya ji wani suna daga bakin kakarsa, ya gano shekarar da yake nufi, sannan ya nemi rahoton lardin na wannan shekara, ya yi aikin da baƙon manazarci zai sha wuya kafin ya yi. Da ɗan gari akan ci gari, amma sai ɗan garin ya san ƙofar ɗakin karatu.

Inda kwamfuta ba ta kai ba

Wani ruɗin da ya zo da zamani shi ne zaton cewa duk abin da babu shi a intanet babu shi a duniya. Mafi yawan takardun tarihin arewacin Nijeriya suna kwance ne a cikin fayiloli. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna an kasa su bisa larduna, kamar Kanoprof da Sokprof da Zarprof, tare da na sakatariyar Jihar Arewa masu alamar SNP. A cikinsu akwai rahotannin shekara-shekara da na ƙididdigar haraji, waɗanda suke bayyana yanayin damina da farashin hatsi da annobar fara da cutar shanu, gunduma bayan gunduma. Jerin waɗannan fayiloli shi ma katalogi ne, sai dai na takarda, kuma sai an je an zauna an duba. Haka abin yake a Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Zariya. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, taska ce ta daban ga mai son sanin yadda aka bayyana fari da tsadar abinci da Hausar lokacin.

Sai dai rahoton Bature ba wahayi ba ne. Jami'in da yake rubuta shi yana da harajin da yake so ya tara da shugaban da yake so ya gamsar, don haka yana iya rage girman yunwa ko ya ɗora ta a kan lalacin talakawa. Maganinsa shi ne a gwada shi da wasu madogarai. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Ingilishi a 1908, kuma aka fitar da shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ambaci doguwar yunwa a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, da wata a zamanin Alwali, wanda ya tara hatsi don gudun irin wannan rana amma bai tsira ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa fari ya daɗe yana zuwa yana tafiya a wannan ƙasa tun kafin zuwan Turawa. Ga rubuce-rubucen Larabci da ajami kuwa, juzu'i na biyu na Arabic Literature of Africa, wanda John Hunwick ya tattara aka buga a 1995, shi ne babban jagora, domin yana lissafa malamai da ayyukansu da wuraren da kwafe-kwafensu suke. Ta hanyarsa ɗalibi zai gane cewa ɗakin karatun Malam Umaru Falke na Kano, mai ɗauke da rubuce-rubuce fiye da dubu uku, yana Jami'ar Northwestern ta Amurka a yau. Ga tarihin rubutun Hausa kansa, Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988, yana yin kusan irin wannan aiki.

Uzurin rashin kayan aiki

Za a iya cewa duk wannan magana ce ta masu hali, domin kwalejoji da yawa suna fama da rashin wutar lantarki da tsofaffin littattafai da katalogin da aka daina sabuntawa. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma nauyin gyara yana kan hukumomin kwalejoji da asusun TETFund, wanda bunƙasa ɗakunan karatu yana cikin ayyukansa. Amma uzurin bai kai yadda ake zato ba. Katalogin WorldCat, wanda ya haɗa abin da dubban ɗakunan karatu na duniya suka mallaka, ana bincikensa kyauta ko da a wayar hannu. Rumbun AJOL, wanda aka fara a 1998, yana tattara mujallun da ake bugawa a Afirka, kuma na Nijeriya suna da yawa a ciki. Persée da Gallica suna ba da tsofaffin mujallu da littattafan Faransanci ba tare da biyan kuɗi ba. JSTOR ta yafe wa cibiyoyin ilimi na Afirka kuɗin shiga a 2006. Shirin AGORA na 2003 kan aikin gona da na OARE na 2006 kan muhalli an kafa su ne musamman don cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Sau da yawa kwaleji tana da izinin shiga irin waɗannan rumbuna, lambar sirrin tana hannun ma'aikacin ɗakin karatu, amma babu ɗalibin da ya taɓa tambaya. Wayar da ake kwana ana kallon bidiyo da ita, ita ce dai za ta buɗe maƙalar Stamp ta 1940.

Wani sabon dalili ya ƙaru tun daga 2022, lokacin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya suka yaɗu a tsakanin ɗalibai. Waɗannan manhajoji suna iya kawo sunan littafi da marubuci da shekara cikin kyakkyawan tsari, alhali babu wannan littafi a ko'ina. Hanya mafi sauƙi ta tantancewa ita ce a nemi sunan a katalogi. Idan babu ɗakin karatun da ya mallake shi, kuma babu rumbun da ya san da shi, to bai cancanci shiga manazarta ba.

Saboda haka bai dace a bar koyar da wannan fasaha ga kwas ɗaya na shekarar farko ba. Ya kamata sashen Hausa ya ɗauke ta a matsayin nasa, ya sa ta cikin darasin dabarun bincike da na al'ada da na fassara. Aikin gida ɗaya ya isa ya sauya tunanin ɗalibi: a ba shi wani adadi da ya yaɗu, kamar na tafiyar hamada ko na ƙafewar Tafkin Cadi, a ce ya bi sawunsa daga wanda ya ambata zuwa wanda aka ambato har ya kai ga na farko, ya kawo shekara da wuri da hanyar da aka bi aka auna, sannan ya nemo mutum ɗaya da ya saɓa masa. A kuma daina karɓar manazartar da ɗalibi bai iya faɗin inda ya ga littafin ba.

Akwai kuma bashin da ke kan sassan Hausa su kansu. A kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundaye kan tarihin ƙauyukansu, da sunayen itatuwa da ciyayi, da waƙoƙin noma, da roƙon ruwa, da sunayen shekarun yunwa kamar yadda dattawa suka ba da su. Yawancin dattawan da aka yi hira da su a shekarun 1980 da 1990 sun riga mu gidan gaskiya, don haka abin da ke cikin waɗannan kundaye babu shi a wani wuri. Duk da haka, a wurare da yawa suna jibge a kabad ko a ƙasan ofis, gara da ɗigon ruwa suna cinsu, babu ko jerin sunayensu. Tsara musu katalogi ba ya bukatar kuɗi mai yawa: littafin rajista ɗaya ko kwamfuta ɗaya, a rubuta sunan ɗalibi da taken kundi da shekara da garin da aka yi binciken, a ƙara kalmomin maudu'i uku ko huɗu da Hausa da Ingilishi, a ba kowane kundi lamba, a miƙa kwafin jerin ga babban ɗakin karatu na kwaleji. Ɗaliban aji biyu za su iya kammala na shekaru goma a zangon karatu ɗaya, ƙarƙashin kulawar malami ɗaya da ma'aikacin ɗakin karatu ɗaya.